Wa Ke da Ikon Buɗe Fayil ɗin Ɗalibi?

 Wannan sharhi na mutanen Gwandu da Dalijan da Kambaza ne, da na Kalgo da Diggi da Zuguru, musamman malaman makaranta da iyayen yara.

A ce wani dattijo ya shiga ofishin shugabar wata makarantar 'yan mata da hantsi. Ya yi sallama, an gaisa, an tambayi gida da gona. Sai ya ce, "Malama, ni kawun wance ne, 'yar aji biyar. Ina son in ga sakamakonta na zangon da ya wuce, a kuma ba ni lambar wayar da ke cikin fayil ɗinta." Yana sanye da babbar riga, ga furfura, kuma ya faɗi sunan mahaifin yarinyar daidai. Amma malamar ba ta taɓa ganinsa ba. Me ya kamata ta yi?

Da yawa daga cikinmu za su ce ta ba shi, domin a ƙasar nan ba a kunyata babba, kuma ɗa na kowa ne. Ni a ganina kada ta ba shi. Mai yiwuwa kawun ne da gaske. Mai yiwuwa kuma manemin aure ne ya turo shi bincike, ko dangin uba ne da ke shari'a da uwar yarinyar kan riƙo suna neman inda ta koma, ko mai bin uban bashi. A wannan zamani da muke ciki, ba za a cire mai leƙen asiri wa 'yan bindiga ba. Daga kan kujerarta, malamar ba ta da hanyar tantance wane ne a cikinsu. Abin da ya fi mata shi ne ta ce, "Baba, ka yi haƙuri, bari in kira mahaifinta tukuna." Kawun gaskiya ba zai ji haushin wannan ba, sai ma ya ƙara yarda da makarantar.

Mu duba abin da ke cikin fayil ɗin, domin mutane kan ɗauka maki ne kawai. Akwai cikakken suna da ranar haihuwa da hoto. Akwai sunan uba da sana'arsa da unguwarsu da lambar wayarsa. A makarantar kwana akwai takardar asibiti, inda za ka ga yaro mai sikila ne, ko mai farfaɗiya, ko mai fitsarin kwance. Akwai takardar horo, ranar da aka kama shi da laifi da hukuncin da aka yi masa. Akwai bashin kuɗin makaranta. Tun daga 2021 da hukumar JAMB ta wajabta lambar NIN ga mai rubuta jarrabawarta, lambar shaidar ɗan ƙasa ma ta shiga cikin takardun ɗalibi. A makarantun da shirin AGILE na Bankin Duniya ya shiga, wanda Kebbi na cikin jihohi 7 na farko da suka fara shi, ana tattara bayanan 'yan mata da na iyayen da za a tura wa tallafin kuɗi. Wanda ya riƙe wannan fayil ya san gidanku fiye da yadda maƙwabcinka ya san shi.

To duk wannan na wane ne? Takardar da kabad ɗin na makaranta ne, amma labarin da ke ciki na yaron ne da iyayensa. Makaranta ajiya aka ba ta, kamar yadda maƙwabci zai zuba hatsinsa a rumbunka in zai yi tafiya. Rumbun naka ne, mabuɗi na hannunka, amma ba ka da ikon ɗibar wa wani ko da tiya ɗaya don ya zo da fara'a.

Mutumin Gwandu bai kamata wannan ya zame masa baƙon abu ba. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda hubbarensa ke cikin garin, ya rubuta littafin Ida'un Nusukh, inda ya jero malaman da ya yi karatu a wurinsu, har da yayansa Shehu Usmanu da Malam Jibrilu ɗan Umaru, da littattafan da ya karanta a gaban kowannensu. Tarihin karatunsa ne, kuma shi da kansa ya zaɓi ya bayyana shi. Haka ijaza take a tsarin karatunmu na zaure: malami ya ba ɗalibi shaida, ɗalibi ya riƙe abarsa, ya nuna wa wanda ya ga dama. Malamin kirki ba ya zama a majalisa yana ba da labarin wane almajiri ne ya kasa haddace darasinsa. Addininmu ya hana bin diddigin asirin mutane, Suratul Hujurati ta yi magana a kai, kuma rufin asiri na cikin abin da kowane Bahaushe ke roƙon Allah safe da yamma. Abin da ya canza shi ne yawan abin da ake rubutawa da saurin yaɗuwarsa. Da, asirin yaro na cikin kan malaminsa. Yau yana cikin waya, kuma danna maɓalli ɗaya ya isa ya kai shi Legas.

Dokar ƙasa ma ba ta yi shiru ba, ko da yake malamai da yawa ba su taɓa jin labarinta ba. Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa da gidansa da wasiƙunsa da maganganunsa na waya. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, wadda ta ba kowa damar tambayar ma'aikatun gwamnati takardu, ita kanta a sashe na 14 ta keɓe fayilolin ɗalibai da na marasa lafiya, ta ce ba a bayar da su haka kawai, sai da yardar mai su, ko in maslahar jama'a ta fi ƙarfin sirrin a fili. Sannan a watan Yunin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a Dokar Kare Bayanan Jama'a, wadda ta kafa hukumar NDPC a Abuja. Wannan doka ta hau kan duk wanda ke tara bayanan mutane, banki ne ko asibiti ko makaranta, ta gwamnati ko mai zaman kanta. Ta ce a tara bayani don wata manufa sananniya, kada a ɗauki fiye da abin da ake bukata, kada a juya shi zuwa wata manufa daban, kada a riƙe shi fiye da lokacin da ya dace. Ta ba bayanan lafiya da addini da ƙabila da zanen yatsa kariya ta musamman. Game da yaron da bai kai shekara 18 ba, inda ake bukatar yarda, ta uba ko uwa ko waliyyi ake nema. Tarar da ta tanada tana iya kaiwa naira miliyan 2 ga ƙananan masu riƙe bayanai, miliyan 10 ga manya, ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar shekara, duk wanda ya fi yawa.

Idan kuna son ganin yadda wannan ƙa'ida take aiki a aikace, ku tuna da shugabannin ƙasa biyu. Ba siyasar nake son tonowa ba, hanyar da takardun suka bi suka fito nake son mu lura da ita.

A watan Janairun 2015, ana dab da zaɓe, ƙasa ta ɗauki zafi kan takardar sakandaren Janar Muhammadu Buhari. Sakamakon jarrabawarsa ta 1961 yana ajiye a tsohuwar makarantarsa, wadda yanzu ake kira Kwalejin Gwamnati ta Katsina. Shi da kansa ya fito ya ce ya nemi makarantar ta fitar da shi, sannan aka fitar. A Nuwamban 2018 kuma hukumar WAEC ta kai masa takardar shaidar sakamakon, ta miƙa a hannunsa. A 2023 Alhaji Atiku Abubakar ya nemi takardun karatun Shugaba Tinubu daga Jami'ar Jihar Chicago a Amurka. Tsohon mataimakin shugaban ƙasa ne ke tambaya, ga manyan lauyoyi, amma jami'ar ba ta miƙa ba, domin akwai dokar tarayya tun 1974 da ta hana makarantu sakin takardun ɗalibi ba da izininsa ba. Sai da aka je kotu, mai shari'a Nancy Maldonado ta ba da umarni a ƙarshen Satumba, sannan aka ba da. Ɗaya da yardar mai takarda, ɗaya da umarnin alƙali. Wanda ya gama makaranta shekaru fiye da 40 da suka wuce an tsare masa wannan haƙƙi. 'Yar talaka a Dalijan, wadda ba ta da lauya kuma ba ta san tana da haƙƙin ba, ta fi shi bukatar a tsare mata.

Kada kuma wani shugaban makaranta ya ji wannan ya kulle kabad ya ce ba mai ganin komai. Akwai inda bayarwa ta halatta, akwai ma inda ta zama dole. Uba da uwa da waliyyin da aka rubuta sunansa ranar shigar da yaro suna da ikon ganin komai. Malamin aji da mai kula da ɗakin kwana da ma'aikacin jinya na makaranta suna ganin abin da aikinsu ya shafa, kuma dokar 2023 ta amince da haka ga aikin ilimi da lafiya, muddin mai yin sa yana ƙarƙashin nauyin riƙe sirri. WAEC da NECO ba za su yi wa yaro rajista ba sai da sunansa da hotonsa. Ma'aikatar ilimi da hukumar SUBEB suna da hurumin ƙidayar ɗalibai. Makarantar da yaro zai koma tana bukatar takardar canjinsa. Asusun bashin karatu na NELFUND, da ya buɗe shafinsa a watan Mayun 2024, ba ya tantance ɗalibi sai makarantarsa ta tura bayanansa. Kotu kuwa idan ta aiko da umarni a rubuce, magana ta ƙare. Amma ko a waɗannan wurare, gwargwadon bukata ake bayarwa. Jami'in da ya zo ƙidaya yawan yara yake nema, ba shi da aiki da sanin wace yarinya ce ke shan maganin farfaɗiya. Ɗan siyasar da ya ce zai biya wa ɗalibai kuɗin jarrabawa, Allah ya saka masa, amma wannan bai ba shi ikon kwashe lambobin wayar iyayensu ya ajiye wa ranar kamfe ba. Ɗan sanda ma, in ba gaggawa ba ce, a nemi ya kawo takarda daga ofishinsu, a ajiye kwafinta.

Inda maganar ta fi nauyi a jiharmu ta Kebbi shi ne ranar tashin hankali. A ranar 17 ga Yunin 2021 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri suka kwashe ɗalibai da malamai. A kwanakin farko alƙaluman da aka riƙa ji sun sha bamban, iyaye na yawo ba su san ko ɗansu na daji ko ya tsere ba. A irin wannan rana rajistar makaranta ita ce abu mafi daraja a harabar. Dole ta zama cikakkiya, dole a miƙa ta ga jami'an tsaro nan take, da hotuna da bayanin wanda ke da ciwon da ba ya jure rashin magani. Doka ta yarda da wannan, domin ceton rai ya wuce jiran sa hannu. Makarantar da ba ta san adadin yaran da suka kwana a cikinta ba ta ci amana tun kafin ɓarayi su iso.

Sai dai miƙa wa masu ceto daban, watsa wa duniya daban. 'Yan mata 11 daga cikin ɗaliban Birnin Yauri sun daɗe a hannun waɗanda suka sace su har cikin 2023. A Nuwamban 2025 an sake ɗaukar 'yan mata 25 a makarantar Maga da ke ƙaramar hukumar Danko-Wasagu. A irin waɗannan lokuta sunaye da hotuna kan yi ta yawo a Facebook da WhatsApp. Na san hujjar masu yaɗawa, kuma ba hujjar banza ba ce. Bayan sace 'yan matan Chibok a 2014 an samu masu musun cewa abin ya faru, kuma sunaye da fuskoki sun taimaka wajen rufe bakinsu da matsa wa gwamnati lamba. Amma yarinyar nan za ta dawo in Allah ya so. Za ta koma aji, za ta nemi aiki, za a zo neman aurenta, kuma intanet ba ta mantuwa. Duk wanda ya rubuta sunanta bayan shekara goma, abin da zai fara gani shi ne mafi munin kwanakin rayuwarta. Saboda haka shawarar fitar da suna da hoto ta iyayenta ce, su auna amfani da illa, su yanke. Ba ta malamin da ya ɗauki hoton rajista da wayarsa ba ce, ko da da kyakkyawar niyya ya yi.

Mu dawo kan abin da ke faruwa kullum, wanda mun saba da shi har ba ma ganinsa. Ana liƙa sakamakon jarrabawa a allon sanarwa da cikakken suna, kowa ya zo ya ga wanda ya faɗi. Ana kiran na ƙarshe a aji a gaban taron safe, yara na dariya. A zauren WhatsApp na iyaye da malamai ana jero sunayen yaran da ba a biya musu kuɗin makaranta ba, uba ya buɗe waya a cikin mutane ya ga an tallata talaucinsa. Malami ya ɗauki bidiyon yaron da ya kasa karatu ya sa a TikTok. Masu yin haka sukan ce don yaro ya ji kunya ya ƙara himma ne, ko don uba ya ji nauyi ya biya. Ni ban yarda ba. Yaron da aka yi wa dariya a gaban makaranta yakan fara ɓuya ne, daga nan ya daina zuwa, kuma a yankin da ake fama a shawo kan iyaye su bar 'ya'ya mata su gama sakandare, kunyata uba a bainar jama'a hanya ce ta sa shi ya ce ta zauna gida. Ana iya liƙa sakamako da lambar ɗalibi ba suna. Ana iya kiran uba a waya shi kaɗai. Ba a kashe ko sisi wajen yin haka.

Akwai kuma takardun da aka gama da su. Wanda ya taɓa sayen ƙosai ko awara ko tsire a garuruwanmu ya san sau da yawa a cikin takardar jarrabawa ake ƙunshe su, da sunan yaro da ajinsa da jan biron malami. Wani lokaci ma fom ne mai hoto da adireshi. Takardar da wa'adinta ya cika a ƙone ta, kada a sayar da ita a kilo.

Sai shagon intanet, wanda nake ganin ya fi kowace kafa haɗari a yau. Ɗalibi daga ƙauye ya zo Birnin Kebbi ko Kalgo yin rajistar jarrabawa ko neman bashin karatu. Ba shi da kwamfuta, bai saba da imel ba. Mai shago ya buɗe masa imel, ya zaɓa masa kalmar sirri, ya karɓi NIN da BVN, wani lokaci ma ya sa lambar wayarsa a madadin ta yaron. Yawancin masu shagunan nan mutanen kirki ne masu neman halaliyarsu. Amma kwamfutar na cike da bayanan ɗaruruwan yara, yaran shago na canzawa, kuma wanda ya haɗa sunanka da ranar haihuwarka da NIN da BVN ya samu abin da zai gwada cin bashi da sunanka ko damfarar iyayenka. Ɗalibi, kafin ka tashi daga kujerar nan, ka tabbata lambar wayarka ce a ciki, ka canza kalmar sirri da hannunka, ka ce a goge hotunan takardunka kana kallo.

Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, da aka kafa a 2013 kuma take nan ƙasar Kalgo, da jami'ar jiha da ke Aliero, suna kawo wata tambaya mai wuya. Ɗalibin jami'a galibi ya wuce shekara 18, a idon doka shi ke da ikon bayanansa. To uban da ya sayar da shinkafarsa ya biya kuɗin rajista, ya zo yana son ya san ko ɗansa na karatu ko yawo yake yi, a ce masa ba shi da hurumi? A al'adarmu wannan magana ce mai ɗaci, kuma ina jin zafin uban. Duk da haka ban ga ya dace jami'in jarrabawa ya buɗe wa duk wanda ya ce shi uba ne ba, domin a waya kowa na iya zama uba. Mafita mai sauƙi ce. Ranar rajista a ba ɗalibi fom ya rubuta sunan wanda ya yarda a nuna wa sakamakonsa. Mafi yawa za su rubuta mahaifinsu ba tare da gardama ba. Matar aure za ta zaɓa tsakanin miji da uba ko ta rubuta duka biyun. Wanda ya ƙi rubuta kowa, wannan magana ce ta cikin gida, a can za a warware ta.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne sau da yawa mai takardar ne ake wahalarwa. Baƙo mai sanayya ya shigo ya ga abin da yake so cikin minti biyar, amma tsohon ɗalibi ya yi watanni yana zarya neman cikakken sakamakonsa don ci gaba da karatu, ana ce masa a dawo gobe. Uba ya ga an yi kuskure a ranar haihuwar 'yarsa ko an juya harafin sunanta, ya nemi gyara a yi ta ja masa rai, alhali wannan ƙaramin kuskure kan hana yaro shiga jami'a idan takardar makaranta ta saɓa da ta NIN. Dokar 2023 ta ba mutum haƙƙin ganin bayanansa da karɓar kwafinsu da neman a gyara kuskure. Ta kuma ce idan bayanai suka fita ta hanyar da za ta iya cutar da masu su, a sanar da hukumar NDPC cikin awa 72, in haɗarin babba ne a gaya wa mutanen da abin ya shafa ba tare da jinkiri ba. Satar kwamfutar makaranta ko ɓatan rajista ba abin da za a rufe a yi shiru ba ne.

Ga shugabannin makarantu a Gwandu da Kalgo, ina roƙon abu ɗaya da za a iya farawa a wannan zangon. A sayi littafi mai bango mai ƙarfi a ajiye kusa da kabad ɗin fayiloli. Duk wanda aka nuna wa takardar ɗalibi ko aka ba shi kwafi, a rubuta sunansa da ranar da dalili, ya sa hannu, ko daga ma'aikata ya zo ko daga fada. Mai niyyar banza yakan ja baya idan aka miƙa masa biro, malami kuma ya samu abin da zai kare kansa da shi ranar da aka tambaye shi. Iyaye kuma, a taron iyaye da malamai na gaba, ku tambaya wa ke riƙe da mabuɗin kabad, wayar wa ke ɗauke da hotunan 'ya'yanku, kuma ina takardun waɗanda suka gama suke tafiya. Ku duba sunan da aka rubuta a matsayin waliyyi, domin a gidaje da yawa an yi rasuwa ko rabuwa tun bayan cike fom ɗin, ba a koma an gyara ba. Wanda aka fitar da bayanan ɗansa ba da izini ba ya fara da shugaban makaranta, in bai samu biyan bukata ba ya je ofishin ilimi na ƙaramar hukuma ko ma'aikata a Birnin Kebbi, kuma doka ta ba shi damar kai ƙorafi ga hukumar NDPC kai tsaye.